Ɗorawar Iya Hansai

Duk wanda zai rubuta tarihin wayewar ɗan Adam bai fara da ɗorawar kakata ba, ya ɓata takarda. Tana tsakiyar gonarmu a Indabo. Gonar ta maza ce, bishiyar kuwa ta Iya Hansai ce, gadon uwarta, kuma a wancan zamani ba wanda ya ga abin mamaki a wannan rabo.

Bayan isha'i mukan kewaye murhunta tana dafa kalwar daddawa. Kalwa ba ta nuna da wuri, don haka tatsuniyar Iya ba ta san gaggawa ba.

"Ku matso, 'yan nema, ga wata ta iso."

Wai a shekarar yunwa itatuwa suka yi taro, suka raba wa mutum shekara. Ɗorawa ta ɗauki bazara, ɗinya ta ɗauki ƙarshen damina, kanya ta ce a bar mata lokacin ɗari. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: a zo da gora, a zo da ƙwarya, kada a zo da ƙarfe. Sai wani mai gajen haƙuri ya ga gorarsa ba ta kai ba, ya sare reshe da gatari. Tun daga ranar, kullum itatuwa sukan ja da baya daga gari, taku ɗaya.

"Iya, ai bishiya ba ta tafiya," in ji ni, don na shiga aji huɗu.

"To, Malam Boko. Da ƙuruciyata a ƙofar gida nake tsintar kanya. Kai yau ina kake zuwa?"

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa kafin na gane kuskurenta ɗaya ne kawai: ba taku suke yi ba, mota suke hawa. Ka tsaya a gadar Wudil ka gan su cikin buhunan gawayi, sun nufi Kano.

Da idanunta suka mutu, baffanninmu suka ce inuwar ɗorawar tana hana gero yi. Aka kira masu gawayi suka sare ta, aka yi shawarar kada a gaya wa Iya. Kowace bazara sai ta aika a kaɗo mata, mu kuwa mu sayo a kasuwar Juma'a. Ta ɗanɗana garin ɗorawar, ta ce:

"Ƙasar ce ta canja, ko bakina?"

"Bakinki ne, Iya," in ji mu.

Kafin ta rasu ta tara shaidu, ta bar wa ƙanwata Ladidi bishiyar, da gargaɗin kada ta bari ƙarfe ya taɓa ta. Ni na rubuta wasiyyar, saboda na fi kowa kyan rubutu.