Malamin Turanci da Alluran Matarsa

Malamin Turanci mutum ne mai tsare gida, ganin dariyarsa sai an yi sa'a. Duk shekara sai littafi ya kawo shi kan kalmar "woo". Yakan rubuta ta a allo, ya ce ma'anarta neman shawo kan wanda kake so: ka yi ta kai kyauta, ka yi ta daɗin baki, har a amince maka.

Wata shekara wata ɗaliba mai rawar kai ta ɗaga hannu. "Malam, kai ma haka ka yi wa matarka?"

"Ni ban iya wannan ba," in ji shi. "Juya shafi."

Gaskiya ya faɗa. Matarsa tela ce, kuma da bakinta takan gaya wa ƙannenta cewa ko furen roba bai taɓa kawo mata ba. Sai dai tun da idonta ya fara rauni, kullum kafin ya fita aiki yakan zauna kusa da kekenta, ya zura wa alluranta zare, fari da baƙi da ja, ya soke su a jere jikin labule. Bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma haka.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ya farfaɗo ya gan ta zaune bakin gado. Bai tambayi abin da likita ya ce ba.

"Kin zo da alluran?"

Ta buɗe jaka ta miƙa masa.