Ta Wajen Inna

Saude matar ɗana Halliru ce. Daga Adabka anka kawo mana ita nan Nasarawa Burkullu, shekara goma sha biyar ke nan, ɗiyar masu shanun da shanu sunka ƙare musu. Ni ba na yabon suruka, amma wagga ban samu inda zan kama ta ba, kuma na nema. Man gyaɗa take matsawa, ta soya ƙuli. Halliru rabin shekara yana can ƙasar Anka wajen haƙar zinari, saboda haka gidan a kanta yake.

Abu guda ta zo da shi daga gidansu ta riƙe gam, kunyar ɗan fari. Mu ma muna yi, amma tata ta wuce tamu. Da ta haifi Nusaiba, sai kowa ya fita ɗaki take ba ta nono. Ranar yaye na ɗauke yarinyar, a ɗakina ta girma. Saude ba ta taɓa faɗin sunanta ba. In ta zuba tuwo sai ta ce wa ƙannen, "Ku kai ma ta wajen Inna." Ni kuwa daɗi nake ji. In an je gidan suna, da ita nake yi wa mata gori, masu surukan da ke goya ɗan fari suna yawo da shi kasuwa.

Bara bayan kaka wani saurayi ya zo daga Gusau, Umar Faruk, ya zauna zauren mai unguwa yana bayanin inshorar lafiya. Wai ka biya tun kana da lafiyarka, ran da ciwo ya zo a duba ka ba ko sisi.

Na ce mashi, "Ɗan nan, ciwon da bai zo ba za mu aika ma kuɗin mota?"

Ya ce, "Inna, ai ko ba ki aika ba ya san hanyar gidanki."

Iri uku ya kawo. Akwai na kai-kai, kowa dubu goma sha biyu a shekara. Akwai ƙaramin na iyali, miji da mata da yara huɗu, dubu arba'in da biyar, zazzaɓi da awon ciki da haihuwa. Sai babba, dubu sittin, shi har tiyata da kwanciya babban asibiti. Maza sunka yi ta gyaɗa kai, ba wanda ya tambayi komai. Saude ce daga bayan mayafi ta tasa shi gaba.

"Malam, in haihuwa ta gardama har sai an yanka, wanne ya ɗauka?"

"Babban."

"Jini fa?"

"Leda biyu. In ya wuce, naku ne."

"Saran maciji?"

Ya duba takarda ya ce sai ya tambayo. Ta tambayi motar zuwa asibiti, ya ce wannan kowa da aljihunsa. Kwana uku ta yi tana juya maganar kan turmin gyaɗa. Ta ce su shida ne, na kai-kai ya fi kowanne tsada. Ƙaramin kuwa, in ji ta, zazzaɓi ai tana iya mashi da kuɗin ƙuli, abin da ke kashe gida shi ne wuƙar likita. Ta kwashi adashinta ta zaɓi babba.

Ranar rubuta sunaye zauren cike yake da maza, har da Sharu, ƙanen mijina marigayi. Umar Faruk ya ce ta faɗi yaran.

"Bashiru. Ikrima. Khairiyya." Ta sunkuyar da kai. "Sai ta wajen Inna."

"Taki ce ko ta Inna?"

Saude ta ja mayafi ta rufe baki. Ni da bakina ba ya zama wuri guda na ce, "Tawa ce mana! Kwana biyu na yi ina naƙudarta, ka tambayi Sharu." Zaure ya ɗauki dariya, shi ma ya yi. Na ɗauka ya gane. Ashe yaron birni ne, irin wanda ko ɗan fari ne uwarsa tana ƙwala mashi kira da sunansa daga bakin titi. Uku ya rubuta. Kati ya zo bayan wata biyu, da rubutun boko, Saude ta naɗe shi a leda ta sa ƙarƙashin kwalla. Daga ni har ita ba mai karatu.

Da damina ta yi tsakiya Nusaiba ta fara ciwon ciki, gefen dama, da amai. Shekararta goma sha uku. Kwana biyu ina ɗura mata jiƙo, wannan laifin ma nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. A ƙaramin asibitinmu anka taɓa cikin anka ce mu wuce gaba yanzu-yanzu. Babur biyu munka ɗauka, har da Saude da Sharu, hanya duk taɓo, yarinyar tsakanina da mai tuƙi tana cije leɓe.

A tagar babban asibiti wata mata ta karɓi kati ta danna na'ura. Ta ce, "Yara uku ke nan. Wacce ce ba lafiya?"

Na buɗe baki, Saude ta riga ni.

"Nusaiba. Nusaiba Halliru. Ni na haife ta, ita ce ta fari."

Da ƙarfi ta faɗa, gaban maza, gaban Sharu. Yarinyar tana kwance kan benci, ta ɗago kai tana kallonta.

Matar ta ce, "To mi ya hana ki sa ta? Ga gurbin yaro guda nan ba kowa, kuma kin biya." Ta ce ana iya ƙara ta, amma sai katin ya yi wata guda kafin ya fara aiki. Munka kira Umar Faruk a waya. Ya yi ta salati. Ya ce wallahi ya ɗauka marainiya ce nake riƙo.

Likita bai wulaƙanta mu ba. Ya sa mata ruwa, ya ce hanji ne ya kumbura, mu sayo kayan aiki da jini a shiga da ita. Wayar Halliru ba ta shiga daga ramin da yake. Sharu ya juya gida ya sayar da tumakin Saude, ya tarar rafi ya cika, sai washegari da la'asar ya ƙetaro. Kafin nan abin ya fashe a ciki. Anka yi aikin, ta ƙara kwana uku.

A kwana na biyu ta ja hannuna, ta ce, "Ƙawata, ashe ta san sunana."

Na ce, "Rufa mana baki, wa kike jin ya zaɓa miki shi?"

Ta yi murmushi. Saude tana bakin ƙofa da kwanon kunu, ta ji. Ta shigo ta zauna gefen gadon, ta ba ta cokali uku da hannunta. Ban taɓa ganin haka ba, sai na juya ina gyaran zanen da bai kwance ba. Ran Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Da munka dawo gida mata sunka cika ɗakina. Ni anka shimfiɗa wa tabarma, ni ake riƙe wa hannu. "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ɗiyarki." Ba wadda ta nufi ɗakin Saude, don ba a yi wa uwa gaisuwar ɗan fari a fili. Tana tsakar gida tana jan ruwa a rijiya saboda masu alwala, idonta a bushe.

Na leƙa na ce, "Saude, aje gugan nan ki zo ki zauna kusa da ni."

Ta ce, "Inna, randa ba ta cika ba."