Alwalar Baffana

Shekarun baya, tun Turawa ba su sauka daga mulki ba, na taɓa yi wa yayan mahaifina tambayar da 'yar kirki ba ta yi wa babba. Jikata mai karatun jinya ce ta tuno mini da zancen, da na ji ta a tsakar gida tana haddar sunayen magunguna tana kuka da yawansu. Na ce mata ta gode Allah, mu a zamaninmu magungunan ba su da yawa, amma kowanne sai da ya nuna mana halinsa.

Gidanmu a Ƙofar Mata yake, gidan marina. Baffana shi ne babba a gidan, kuma shi ne ɗan farin kakarmu, wadda muke ce wa Iya. Mutum ne mai ibada da taurin kai, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu saboda aikin rini a karofi. Lokacin da mahaifina ya yarda in shiga asibitin cikin gari koyon jinya, Baffa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Aikin nan yana cire wa mace kunya. Ka dai ji na faɗa.” Daga nan bai ƙara ba, sai dai in na gaishe shi ya ce, “Likita, an tashi lafiya?”

A aji, malamarmu wata tsohuwar sista ce da ba ta gajiya da maimaita magana. Takan ce sanin sunan magani shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Dole ka san ta inda zai shiga jiki, tsawon zaman da zai yi, da ta inda zai fita. Ƙwayar salfa ce abin yayi a lokacin, ita ake ba mai ciwon haƙarƙari, kuma tana aiki sosai. Amma ta ƙoda take fita, cikin fitsari. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai ta daskare ta zama ƙanana kamar yashi, ta toshe hanya. Shi ya sa ake rarraba ta cikin yini, kowace da ruwa mai yawa, kuma ake lura da ko mara lafiya yana fitsari. Na haddace wannan tsaf, ba don komai ba sai don jarrabawa. Ni a lokacin hular nan fara ta masu jinya ce ta fi damuna.

Shekarar nan azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ana cikinsa Baffa ya kwanta da zazzaɓi da tari da suka a ƙirji. Da ƙyar mahaifina ya kai shi asibiti. Likita ya so ba shi gado, ya ƙi, don mutanen birni a lokacin gani suke wanda aka kwantar sai dai a je ɗauko shi. Aka ƙunsa masa ƙwayoyin salfa a takarda, aka yi masa bayani: ya sha a lokacin kowace salla, ya bi da ruwa cikin kwano. Ya ce to.

Ni a ɗakin kwanan ɗalibai nake, sai ranar hutu nake zuwa gida. Na shigo bayan Azahar, rana tana dukan ƙasa, kowa ya laɓe a inuwa. Matar Baffa tana tankaɗen garin kunu, ta tare ni da fara'a.

“Ai jiki ya yi sauƙi, zazzaɓin ya sauka. Ƙugu ne kawai ya riƙe masa. Kin san baffan naki, ko azumi ɗaya bai sha ba.”

Na ce, “Bai sha ba? To maganin fa?”

“Yana sha mana. Tara su yake, rabi da shan ruwa, rabi da sahur. Tashin zuciya suke sa shi, ko ruwan kirki ba ya iya sha, sai ɗan kunu.” Ta rage murya, irin ta mai ba da labarin waliyyi. “Wallahi ciwon nan ƙara masa ibada ya yi. Ko rintsawa ba ya yi da rana. Jiya da alwalar Asuba ya yi Magariba. Yau ma da ita ya yi Azahar.”

Na ce masha Allah, yadda kowa a gidan yake cewa. Sai da na zo wucewa ta ƙofar turakarsa na ga butarsa a jingine. Na ɗaga ta, cike take fal, ƙasan wurin a bushe ƙayau. A nan maganar malamarmu ta dawo mini.

Na sami mahaifina a zaure, na durƙusa na yi masa bayani a kaikaice. Ya gane, don fuskarsa ta sauya, amma ya ce, “Ni ƙaninsa ne. In je in ce masa me? A bari a sha ruwa, sai in lallaba shi.”

“Baba, in abin da nake tsoro ne, jira ba nasa ba ne.”

“In kuma ba shi ba ne fa?”

Gaskiyarsa. Ni ɗaliba ce, ban taɓa ganin irin wannan da idona ba, kuma mai azumi a bazara dama ba ya yawan zagawa. Wanda zai raba gardama mutum ɗaya ne, yana zaune a kan buzu a turakarsa. Na tsaya a bakin ƙofar ina ta gyara mayafi, sannan na yi sallama.

Na same shi ya jingina da bango, carbi a hannu ɗaya, ɗayan ya dafe ƙugu. Fuskarsa ta ɗan kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki.

“Da sauƙi, Likita.”

Sai na soma karanta masa darasin aji, tun daga shigar magani har zuwa ƙoda, har da kalmomin Turanci don abin ya yi nauyi. Ya saurare ni yana jan carbi. Da na gama ya ce, “Allah ya ƙara ilimi.” Wato in tashi in ba shi wuri.

Ban tashi ba. Na kafa idona a kan tabarma na ce, “Baffa, yaushe rabonka da fitsari?”

Carbin ya tsaya. A waje ma na ji tankaɗen ya tsaya, ashe duk gidan kunne aka kasa.

“Me kika ce?”

“Yaushe rabonka da shi, kuma da ya zo, yaya kalarsa?”

“Ashe na faɗa wa ubanki,” in ji shi, a hankali. “Tashi ki fita.”

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Amma ƙafafuna sun ƙi tashi, ban sani ba ko taurin kan gidan ne ko tsoro. Can ya kau da kai wajen bango ya ce, kamar da bangon yake magana, “Tun shekaranjiya. Ɗan kaɗan. Ja.”

Na ce masa dole ya daina ƙwayar, ya sha ruwa yanzu, a mai da shi asibiti. Ya ce tun da ya balaga bai taɓa ajiye azumi ba, kuma ba zai fara a bakin 'yar da aka haifa a gabansa ba. La'asar ta kusa, in an kira Magariba zai sha abin da ya sawwaƙa. Asibiti kuwa, ya je sau ɗaya, ya isa.

To ita Iya, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi wa Baffa magana kai tsaye ba. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Ba ta kama sunansa, ba ta shiga turakarsa. In tana da saƙo sai ta ɗaga murya ta ce, “A gaya wa mai ɗakin can ana sallama,” ko da yana tsaye a gabanta. Ranar ina durƙushe na ji ƙarar buɗe randa, sai ga ta a ƙofa da ƙwarya cike da ruwa. Ta shigo har gaban buzun.

“Kai,” ta ce.

Baffa ya ɗago da sauri.

“Wanda ya ɗora maka azumin shi ya ɗauke wa mara lafiya. Ka fi shi sanin abin da yake so ne? Yarinyar nan ta ajiye kunyarta, ni ma ga tawa na ajiye. Karɓi.”

Ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya sa shuɗayen hannuwan nan ya karɓa, ya yi bisimilla ya sha, da rana tsaka, cikin watan azumi. Kowa ya sunkuyar da kai. Iya ta karɓi ƙwaryar ta fita, daga waje muka ji ta ce, “A gaya wa mai ɗakin can za a kai shi asibiti.”

Abokan aikinsa na karofi ne suka tura shi a amalanke. Likita ya duba shi, ya tsayar da ƙwayar, ya mai da shi kan allura, aka riƙa ɗura masa ruwa da wani haɗi mai hana maganin daskarewa. Bai ɓoye wa mahaifina ba: in hanya ta buɗe, shi ke nan. In ba ta buɗe ba, sai dai addu'a. Sashen maza aka kwantar da shi, ni kuwa ba a barina shiga can, don haka jira na yi kamar kowa.

Washegari da hantsi na roƙi izini na leƙo gida. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta taɓa komai ba tun safe. Sai ga mahaifina ya shigo da ƙura a ƙafa, ya durƙusa a gabanta. Na ga yana neman yadda zai faɗa.

“Iya,” ya ce, “ya sake alwala.”

Iya ta ce alhamdu lillahi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka.

Baffa ya warke, ya koma karofi, ya rama azuminsa da sanyi ya shigo. Na ji an ce shi da kansa yake yi wa marina bayanin ciwon, wai maganin ne ya kwanta masa a ciki kamar dagwalon da ke taruwa a gindin ramin rini. Bayaninsa ya fi nawa shiga, kuma sunana bai fito a ciki ba. Iya ta koma aika masa saƙo ta iska har ta bar duniya. Ni kuwa na yi wata da watanni in na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu.

Abin da na ɗauka daga nan ba mai yawa ba ne, amma ya raka ni har na ajiye aiki. Babu wanda ya yi ƙarya a lamarin. Asibiti ya faɗi yadda za a sha, Baffa ya ce to, kuma bai bar ko ƙwaya ɗaya ba. Kawai ba wanda ya tambaye shi ko yana azumi, ga shi kuwa duk garin ana yi. Tun daga nan ban ƙara miƙa wa mutum magani ba sai na ji yadda yininsa yake, yaushe yake ci, yaushe yake sha, wa zai ba shi. Lokacin shan magani da ruwan da ke bin sa, su ma maganin ne. Tambayar da ke da nauyi a baki kuma nakan yi ta da wuri, don na lura nauyinta ƙaruwa yake in an jinkirta.

Har Baffa ya rasu bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban sa rai ba. Amma shekara da shekaru ina ganin masu shuɗayen hannuwa suna zuwa asibiti suna cigiyata. Wata rana na tambayi wani dattijo a cikinsu wa ya turo shi. Ya yi ta sosa ƙeya kafin ya faɗa.

“Baffanki ne. Ya ce in zo wurinki, kada in je wurin kowa. Amma ya ce in shirya, wai ba ki da kunya ko kaɗan.”