Kayan Ɗakinta a Gidan Haya

Shekarar da muka kama haya a Tudun Fulani, abin da na fi tunawa shi ne hasken la'asar. Yakan shigo ta wata 'yar huda a kwanon rufi, ya sauka a kan farantan tagulla da matata ta zo da su daga Bida, sai ɗakin ya koma kalar zuma. Ita tana kallon hasken, ni ina kallon hudar. Hatsi nake saye da sayarwa a Kasuwar Kure, na san abin da ruwa ke yi wa kaya.

Da na yi wa mai gidan hayar maganar hudar, ya ce gini ne nasa, abin da ke ciki ba ruwansa. Sai na gayyato wata ma'aikaciyar inshora da ke sayen gero a wurina.

Ta zauna ta ce, "Alhaji, me da me ka mallaka a nan?"

Na nuna mata talabijin da fanka da akwatin tufafina.

"Gadon fa? Kujerar nan da nake kai fa?"

"Ai kayan ɗaki ne, iyayenta suka yi mata. Namiji ba ya sa baki a nan."

Daga bayan labule matata ta ce, "To Alhaji, in ruwa ya zo sai ka gaya masa kayana ne, ya tsallake su."

Ma'aikaciyar ta yi dariya har gyalenta ya zame. Ta shige ciki, suka bar ni a falo. Ina jin ana buɗe kabad, ana ɗaukar hoto, matata na faɗin wanda ya ba ta kowane abu: katifa daga kawunta, tukwane daga gwaggonta ta Wushishi. Muryarta can ƙasa-ƙasa, kamar mai gaishe da dangi cikin mafarki. Da sunanta aka yi inshorar.

Iskar farkon damina ta naɗe rabin rufin kamar tabarma. Na dawo daga kasuwa na tarar da matata tsaye a tsakiyar ɗaki, sama a buɗe, gajimare na wucewa a kan gadonmu. Katifa ta sha ruwa, kabad ya kumbura, kujeru sun tashi aiki.

Bayan 'yan makonni kamfanin inshora ya biya ta. Ni na raka ta kasuwa, amma ita ta zaɓa, tana danna kowace katifa da tafin hannu a hankali, mai shago na jira. Na buɗe baki zan fara ciniki, ta ce in dakata, wannan karon ita za ta taya.