Wayar da Inna ta karɓa a hannuna

Rabi, ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta, domin daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu ban gama fita daga cikinsa ba.

Kin dai san wata huɗu ke nan da aka toshe min hudar nan ta zuciya, wadda aka ce da ita aka haife ni, ba a gano ba sai bayan haihuwar Ummi, lokacin da ko tsakar gida na share sai na zauna ina haki. Ba a tsaga min ƙirji ba. Ta jijiyar saman cinya likita ta zura siririn bututu har zuciya, ta tura wani ɗan abu na saƙar ƙarfe a naɗe ta cikinsa, da waya a ɗaure. Da ya isa ya buɗe kamar lema biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, suka riƙe bangon a tsakiyarsu. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, tun daga ranar zuciyata ba ta yarda ya zauna ba. Sau biyu likita tana dubawa tana cewa ya kama, in koma harkokina. In ce mata to. Amma a zaune nake salla, ban sake goya Ummi ba, a makaranta kuma na roƙi shugabanmu ya sauko da ajina ƙasa don kada in hau bene. Ko atishawa na yi sai in dafe ƙirji in saurara, ko ya zame.

To, a mafarkin na gan ni a ɗakin aikin, sai dai ba gado, tabarma ce, kuma rufin na azara ne irin na gidanmu na ƙauye. Likitar tana tsaye da doguwar rigar nan tata mai nauyi. Ta miƙo min abin a naɗe, amma ya yi girma, ya kai lemar kasuwa. Ta ce, "Malama, yau ke za ki kai." Na ce mata ni fa lissafi nake koyarwa aji huɗu. Ta ci gaba da wanke hannu.

Sai kawai na gan ni a wani dogon lungu mai jan bango, ba taga, amma da haske. Ruwa mai ɗumi ya kai min gwiwa, shi ke tura ni gaba, ba sai na yi ƙoƙari ba. Lemar na hammatata, wayar tana biye da ni a baya, ba na ganin ƙarshenta. Can nesa ina jin daka, irin luguden mata biyu a turmi ɗaya, sai dai ɗaya taɓaryar tana makara kaɗan. Ina tafiya ƙarar tana ƙaruwa har na riƙa jin ta a haƙorana. Lungun ya rabu biyu, na tsaya. Wata murya, ban san ta namiji ce ko ta mace ba, ta ce, "Miƙe." Na miƙe.

Na faɗa wani gida mai ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ba kowa a ciki. A bangon da ya raba ɗakunan sama akwai rami kamar bakin tulu, ruwa yana kwararowa ta nan yana cika ɗakin da nake. Ban ji tsoro ba, Rabi, haushi na ji. Na ce ashe kai ne, shekara talatin da takwas. Na cusa kan lemar ta ramin, ruwan yana dukan fuskata, na tura. Na ji ta buɗe a wancan ɗakin da wata 'yar ƙara kamar an kaɗa zane. Na jawo ta a hankali har ta manne da bangon, sannan na buɗe ta biyun ta gefena. Ruwan ya tsaya cak. Luguden nan ya daidaita, taɓaryar da ke makara ta kamo 'yar uwarta.

Muryar ta ce, "Ja."

Na ja wayar kaɗan, irin jan mai tsoro. Ta ce, "Ja dai." Na naɗe wayar a hannu biyu, na tokare ƙafa da bango, na ja har jijiyoyin wuyana suka tashi. Ko motsi. Na ɗage ƙafafuna duka biyu na rataya a jikinta ina lilo kamar yarinya, na tura, na girgiza, na doka da kafaɗa. Bangon yana numfashi, yana zuwa yana komawa, lemar tana bin sa, amma ba ta saki ba. Na tambayi muryar, "Ko na yi sujada ba za ta saki ba?" Na sake cewa, "Ko na yi gudu?"

Sai kawai ga ni a gindin benen makarantarmu da rana tsaka, Ummi a goye a bayana, ta yi nauyi kamar buhun gero, wayar har yanzu a hannuna. Na fara hawa. Matakalar da na sani ashirin ne, wannan ta ƙi ƙarewa. Na wuce hawa na biyu, na uku, na bakwai, alhali ginin hawa ɗaya ne. Ina jiran hakin nan ya zo, bai zo ba. Na koma taka bibbiyu, daga nan na kama gudu sosai, Ummi tana ƙyalƙyala dariya a wuyana. Malamai 'yan uwana suna tsaye a kowace kwana riƙe da alli, suna matsawa suna ba ni hanya. A sama na tarar da fili shimfiɗe da sabuwar tabarma. Na kwance goyon, na yi kabbara a tsaye, na yi ruku'u, na kai goshina ƙasa. Na daɗe a nan. Har ƙamshin kabar na ji a hancina.

Da na ɗago, sai ga bangon nan mai lema a gabana, ga kuma Inna, mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, a durƙushe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a ƙwarya. Tana yaɓe a kan lemar da tafin hannu, kamar yadda take yi wa ɗakinta kafin damina. Tana shafawa tana lallashin wurin har ƙarfen ya ɓace, bango ya koma sumul, wayar kaɗai ta rage a waje. Ba ta tsufa ba, kuma ba ta haki, ita da kin san da haki ta rasu. Na ce, "Inna, kin ga na hau?" Ba ta juyo ba, amma na ga kumatunta, murmushi take. Ta kama gindin wayar ta murza, ta murza, har ta kwance daga bangon, daidai yadda likita ta ce ana yi idan an tabbatar abu ya zauna. Sannan ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta naɗe wayar a gwiwar hannu kamar igiyar guga, ta ɗauki ƙwaryarta, ta fita ta wata ƙaramar ƙofa ta ja ta rufe. Ba ta ce in biyo ta ba.

Dariyata ce ta tashe ni, ana kiran assalatu. Na tsinci kaina ruf da ciki, ƙirjina danne da katifa, kwanciyar da rabona da ita tun kafin a yi aikin. Baban Ummi yana zaune a bakin gado yana kallona, ya ce, "Lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, kuma da gaske nake, jikina sakayau.

Abu ɗaya ne ya tsaya min. Tun muna yara muke jin cewa idan mamaci ya ba ka abu a mafarki alheri ne, idan kuma ya karɓa a hannunka sai a yi sadaka a yi addu'a. To ni Inna ta karɓa, da hannuna na miƙa mata. Amma abin da ta karɓa, ai dama shi ne wanda ake zarewa a fitar idan aiki ya yi kyau. Ke da kika zauna gaban malamai fiye da ni, Rabi, wannan a wane ɓangare za a saka shi? Karɓa ta yi, ko sakina ta zo yi?