Totuwar Iya Dije

Har yau idan na ji ƙamshin gasasshiyar masara, abu biyu ne ke taso mini: kewar kakata Iya Dije, da kishin Bello. Kewar ina faɗarta a gaban kowa. Kishin ma ban ga dalilin ɓoye shi ba, tunda ya ƙi mutuwa.

Gidan Iya yana bayan garin Tudun Wada, inda gonakin masara ke farawa tun daga jikin danga. Idan sabuwar masara ta nuna, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a rumfar ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya jingina tasa a gefen garwashi. Wurina sananne ne, hannun damanta, daf da gwiwarta. Ni ne babban jikanta namiji, don haka da "maigidana" take tsokanata, ni kuma ina kumbura kamar da gaske gidan nawa ne.

Iya tana da wata al'ada da ban gani a wurin wata tsohuwa ba. Tana ba da tatsuniya tana gurgurar masararta da 'yan haƙoran da suka rage mata. Idan labari ya kai inda kowa ya buɗe baki yana jira, sai ta yi shiru, ta miƙa wa ɗayanmu totuwar. Wanda totuwa ke hannunsa, shi zai kai labarin ƙarshe. Kusan kullum ni ake ba, domin na haddace tatsuniyoyinta kaf, har inda take yin tari na sani. A makaranta ma da haka nake cin na ɗaya. Malam ya faɗa, mu maimaita, wanda ya kuskure ya miƙo hannu a zuba masa bulala. Ni ban cika miƙa hannu ba.

Ana nan sai aka kawo Bello hutu. Ɗan gwaggona ne, wadda ke aure a wata ruga kusa da dajin Falgore, ka ga taubashina ke nan. Sa'ana ne, siriri, ga surutu. Tun ranar farko ya ba mu labarin makarantarsu ta 'ya'yan makiyaya, ni kuwa na yi ta dariya. Wai ba aji, ba benci, ba ƙararrawa. Malam yana zuwa a kan keke bayan an gama tatsar nono, su zauna a gindin ɗorawa. Su gina shanu da yumɓu, da su suke koyon lissafi: a haɗa garken wannan da na wancan, a ware maruƙa, a ga nawa suka rage. Rubutu a kan yashi suke yi da tsinke. Wanda ya gaji da zama ya tashi ya zaga ya dawo.

"Idan ka ba da amsa ba daidai ba fa?" na tambaye shi.

"Sai Malam ya ce, 'To, ta ina ka biyo ka iso nan?' Sai ka gaya masa."

"Sannan ya doke ka?"

"Ya dake ni a kan me?"

A nan dariyata ta tsaya. Na kwanta a ranar ina juya maganar. Ni da ke cin na ɗaya, kullum da faɗuwar gaba nake shiga aji. Shi kuwa wannan mai ƙaushin ƙafa, ashe akwai babban mutum da ke zama ya saurari kuskurensa har ƙarshe. Na ji haushi, na ji kishi, ban ma san wanda ya fi yawa ba.

Ba a yi kwana nawa ba Iya ta fara kiransa "angona na daji". Idan ta ba shi totuwa, sai ya ɓata tatsuniyar da gangan. Ya sa kura ta tuba, ya sa maraya ya ƙi auren 'yar sarki ya koma kiwo. Ni in miƙe in ce, "Wallahi ba haka take ba!" Iya ta ce, "Zauna, maigida. Totuwa a hannunka take?" Ta yi ta ƙyaƙyata dariya har da share hawaye, dariyar da ban taɓa sa ta yi ba duk da haddata.

Wata rana da aka yi ruwa da yamma, muka taru, ƙasa tana ƙamshi. Iya ta gyara zama ta buɗe tatsuniya da irin nata salon, ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Muka ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Wai a wani gari aka kwana ana ruwa, har wutar kowane murhu ta mutu. Gari ya waye ba mai ko ƙwayar garwashi, yara suna kukan yunwa. Aka aiki wata yarinya ƙauyen tsallaken rafi ta ɗebo wuta. Ta je, wata tsohuwa ta zuba mata garwashi a kasko. Kafin ta dawo rafi ya kawo, ruwa ya kai wuyan babban mutum, ga yayyafi ya sake saukowa. Hannu ɗaya yana riƙe da kasko, ɗayan yana kare wutar. Ga garinsu can tana hangowa.

A nan Iya ta tsaya. Ta juyo dama, ta sa mini totuwa a hannu. "Bisimilla, maigidana. Tsallakar mana da ita."

Ban taɓa jin wannan tatsuniyar ba. Na lalubi kaina, babu komai a ciki sai tsoron kada in faɗi ba daidai ba. Masarata tana ƙonewa ina kallo.

"Iya, ba ki taɓa ba mu ita ba," na ce.

"Na sani. Yau na haife ta."

"To mene ne ƙarshenta na gaskiya?"

"Ni a bakin rafi tawa ta tsaya, ɗan nan. Tsallakewar taku ce."

Ta jira ni, Allah ya sani ta jira. Da jiran ya yi yawa, Bello ya zare totuwar daga hannuna. Ya ce yarinyar ta kira wata farar saniya, ta ɗora kaskon tsakanin ƙahoninta, ta kifa ƙwarya a kai, ita kuma ta kama wutsiya da haƙori suka yi iyo. Iya ta ce, "Da haƙori? Hannuwanta fa, ai sun huta?" Bello ya ce, "Au, haka ne fa!" Ya yi dariya, ya gyara, ya ci gaba abinsa. Ko a jikinsa. Wannan "au, haka ne fa" ita na fi yi wa kishi a duk abin da Bello ya mallaka.

Bayan ya koma ruga, Iya ta sha miƙo mini totuwa a kan wannan yarinya mai kasko. Kullum sai in ce a ba mu wata wadda na sani. Har Allah ya karɓi ranta ban tsallakar da yarinyar ba.

Yanzu ina zaune a Kiru da iyalina. Hajara, ƙanwar Bello, wadda ita ma a gindin waccan ɗorawar ta fara karatu, ta yi kwalejin horon malamai ta dawo ta buɗe 'yar makarantar ƙananan yara a nan garin. Bello ne ya matsa mini in sa 'yata Ummi, na sa ta ina gunaguni. Kullum ta dawo riga duk yumɓu, bakinta ba ya rabo da "Anti Hajara ta ce". 'Ya'yan maƙwabta suna rera baƙaƙen boko tun daga farko har ƙarshe, tawa tana kawo mini gwangwani da wake ya tsiro a ciki, wai ita ta shuka. Na gaya wa mahaifiyarta cewa daga sabon zango zan mayar da ita makaranta ta sosai, mai benci da allo.

A makon ne na sayo masara a hanya, muka gasa a tsakar gida. Ban san abin da ya kai bakina ba, sai na ji ina ba Ummi labarin yarinya mai kasko. Da na kai bakin rafi na miƙa mata totuwa. Ko numfashi ba ta ja ba. Ta ce kifi ya haɗiye wutar ya kai ta tsallake ya amayar. Ta ce a'a, zai ƙone, gara yarinyar ta hau bishiya ta bi reshe. Sai ta dangwara mini totuwar a tafin hannu.

"Saura kai, Baba."

Tsohon tsoron nan ya taso, da furfurata da komai. Amma ta zuba mini ido tana jira, irin jiran Iya. Na ce, a hankali, yarinyar ba ta tsallaka ba. Ta zauna a ƙarƙashin wata kanya, ta tattara busassun ƙirare ta ciyar da wutar har ta yi girma. Mutanen garinsu suka hango haske, masu iya iyo suka zo, kowa da kaskonsa.

Ummi ta karkata kai ta dube ni. "To, ta ina ka biyo ka iso nan, Baba?"

Tambayar da na yi shekaru ina kishin Bello a kanta, sai ga shi 'yar cikina ce ta fara yi mini ita.

Da aka koma sabon zango ni na kai ta wurin Hajara da kaina. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ta cusa hannu biyu cikin yumɓu, ta gina wata saniya mai ƙafa biyar, tana yi wa malamarta bayanin dalili. Na daɗe a tsaye, har na makara wurin aiki, ina kishin 'yata.