Yawun Kaka

Abin da ake rigima a kansa bai taka kara ya karya ba: yarinya ɗaya da ta isa yaye, kakanni biyu, kowacce ta riga ta share ɗaki tana jira. Mahaifiyata Inna tana Zabi, surukata Hajiya tana Samaru, ni kuma ina shagona na babura a Sabon Gari ina amsa waya.

Asalin maganar tagwayena ne, yayyen yarinyar. Da lokacin yayensu ya yi, sai na yi dabarar 'yan kasuwa, na raba kaya biyu don kowa ya samu. Babban ya tafi Zabi, gidan da jikoki suka cika, ana cin tuwo a kwano ɗaya, Inna tana tauna nama ta sa wa yaro a baki. Ƙaramin ya tafi Samaru wajen Hajiya, tsohuwar malamar makaranta, wadda cokali ma sai ta dafa shi kamar shi za a ci.

Babban ya dawo da zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Ƙaramin ya dawo lafiya lau yana ƙamshin hoda. A asibiti likita ta ɗebi jininsu su biyun. Da sakamako ya fito, ta ce babban ya haɗu da wata ƙwayar cuta da yara da yawa ke ɗauka ta yawu ko nono, galibi ba a ma sanin ta shiga, ƙaramin kuwa bai haɗu da ita ba. Ta ce jiki yana da sojoji, idan suka yi karo da ita rundunar takan sauya tsari, wasu su ƙaru, wasu su koyi sabon aiki, alamar kuma ta zauna.

Wannan bai ba ni wahala ba. Babura biyu kan zo a mota ɗaya, ɗan acaɓa ya sayi ɗaya, malamin jami'a ya sayi ɗaya, shekara ta zagayo ko kukansu bai yi kama ba. Na tambaye ta wanne ya fi daraja.

"Alhaji, ba sayar da su za ka yi ba," in ji ta. "Bambanci na ce, ban ce riba ko asara ba."

Na kai bayanin gidajen biyu yadda na ji shi. Kowacce ta tsinci rabin da ya yi mata.

"To ka ji!" in ji Inna. "Yawuna ne ya horar min da maigida. Wancan na Samaru an wanke shi har ya koɗe, iska ta kaɗa sai ya faɗi."

Hajiya kuwa gyara tabarau ta yi. "Ba cuta likitar ta ce ba? Allah ya saka wa mutanen Zabi, sun haɗo wa yaro tsaraba."

Daga ranar, duk tagwayen da ya yi atishawa ya zama shaida a gaban alƙali. Shi ya sa da yayen yarinyar ya zo, na kawo shawarar mako nan, mako can.

Matata ta dube ni. "Babur ɗin haya ka haifa? A nan gidanmu na Dogarawa zan yaye ta, da kaina."

Na sanar da kakannin kamar ni na yanke hukuncin. Kowacce ta ce madalla. Washegari Keke Napep biyu suka tsaya a ƙofar gidana, kakannin suka sauko, kowacce da jakarta, wai ta zo taya aiki. Hajiya tana dafa cokali a kicin, Inna tana tauna tsire a bayan labule, idan suka haɗu a tsakar gida su gaisa har da durƙusawa.

Ga yadda aka tashi. Yarinya ta yayu lafiya, kuma ban yarda an ɗebi jininta ba, don na san wanda za a aika da sakamakon. Ba wadda ta ci nasara, kowacce tana gaya wa dangi ita ta yi yayen. Ni na rasa ɗakina, na koma kwana a falo, kuma ni kaɗai a gidan na kamu da mura.